Ranar da Kawu Ya Yi wa Yayana Afil

Da doya yayana ya fasa wa ɗan sanda baki. Nakan faɗi wannan tun da wuri don mai dariya ya yi abarsa ya gama, saboda ni har yau ban ga abin dariya a shekara ukun da aka yanke masa ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Jalingo na ta hura hanci wai ita ce babban birni, ga ofisoshi a ɗakunan haya, ga manyan ma'aikatan da aka kwaso daga Yola suna ta ƙorafin babu ruwan famfo, ga awaki kwance a tsakiyar titi babu mai ce musu su tashi. Soja ke mulki, don haka duk wanda ya sa kayan sarki ji yake da shi aka yi juyin mulkin. Ni ina koyarwa a wata firamare. A Yelwa muke zaune gida ɗaya, ni da Mama da Yaya da matarsa da 'ya'yansa biyu, babanmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Yaya direba ne, yana jan a-kori-kurar wani Bakatsine ɗan kasuwa, ya ɗauko doya da masara daga ƙauyukan wajen Iware ya sauke a Kasuwar Jalingo. Mutum ne mai sanyi har abin na ba ni haushi. In ka taka shi, shi zai fara ce maka sannu.

Ranar da abin ya faru Mama ta bi shi ƙauye dubiyar wata ƙawarta, da la'asar suka kamo hanyar gida tana gidan gaba. Kafin a shigo gari akwai shinge: ganga biyu, katako mai ƙusoshi, da 'yan sanda a inuwar mangwaro. Kofur ɗinsu ya miƙo hannu a ba shi na ruwa. Yaya ya ce ai ya ba shi da safe yana wucewa, Kofur ya ce na safe ya tafi da safe. Daga nan sai ya ce a sauke kayan duka zai duba, kowa kuma ya fito daga mota. Abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin doya ban da wata doyar, shi ya sani. Yaya ya zaga baya ya fara saukewa. Mama kuwa gwiwa ta daɗe tana damunta, saukowa daga mota sai ta lallaɓa. Kofur ya ga tana ɓata masa lokaci, ya fizgo ta, ya tura ta da gindin bindiga, ta faɗi a bakin kwalta a kan hannunta. Yaya na tsaye da doya a hannu, irin manyan nan na Mumuye da yaro ba ya iya ɗauka shi kaɗai. Haƙoran Kofur biyu suka zube, leɓensa ya tsage.

Abin da suka yi wa Yaya a wurin da kuma a caji ofis ba sai na faɗa ba. Da muka gan shi ido ɗaya ne ke buɗewa. Doyar motar aka ce an riƙe ta shaida, shaidar kuwa ta yi ta raguwa har ta ƙare a tukwanen bariki. Ranar da za a shiga gaban majistare sai da aka je kasuwa aka zaɓo wadda ta fi kowace girma, aka ɗora ta a tebur wai ita ce makamin.

Shari'ar ba ta kai tsawon wa'azin fastonmu ba. Yaya bai musa ba, ya ce ya buga, amma uwarsa aka kayar a gabansa. Majistare ya rubuta wannan a layi ɗaya ya wuce, sannan ya yi mana lacca a kan yadda direbobi suka raina hukuma, ya ce daga kan wannan zai fara maganin abin. Ba a kira Mama ba, tana wurin mai ɗori da karyayyen wuyan hannu. Shekara uku, babu zaɓin tara. Ƙaramin ɗan Yaya a lokacin ko tafiya bai fara ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ce mu yi afil, wato mu ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, ta kuma haɗa ni da wani lauya. Saurayi ne daga Yola, yana yawo da baƙar kwat a zafin Jalingo gumi na bin wuyansa, kuma in yana magana da kai agogonsa yake kallo. Bai kwanta mini ba, amma ya san aikinsa. Ya ce ba za mu je mu ce Yaya bai buga ba, tunda ya faɗa da bakinsa. Abin da za mu ce shi ne hukuncin ya yi nauyi, domin majistare bai auna cewa uwar mutum aka fara kayarwa ba. In alƙalai suka yarda da haka, za su iya rage shekarun zuwa iya abin da ya riga ya zauna, mu koma gida da shi a ranar. Ƙararmu gaba ɗaya, in ji shi, a kan magana ɗaya ta rataya: Kofur ne ya fara. Ya yi ta nanata mini wannan kamar ni ce 'yar aji ɗaya.

Daga nan muka shiga jira. Sai an buga takardun ƙaramar kotu kafin a kai sama, mai bugawar kuwa yau ta tafi suna, gobe tawadar keken rubutunta ta ƙare, jibi alƙali ne ya tafi taro. Damina ta wuce muna zarya, wata ta kama. Matar Yaya ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. Bakatsinen ya ba wani direba motar, ban kuma ga laifinsa ba.

A cikin wannan jiran Kawu ya shigo maganar. Kawu wan Mama ne. Shi ya riƙe mu da babanmu ya rasu, a gonarsa Yaya ya koyi riƙe fartanya, shi ya tsaya masa a wurin aure. Dattijo ne a coci, dattijo ne a ƙauye. In shanu sun shiga gonar wani, ko 'yan'uwa sun yi rikicin iyaka, shi ake kira, kuma yana raba rigima, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ke damunsa ɗaya ne, ya ɗauka duniya duka ƙauyenmu ce aka ƙara mata faɗi.

A wurinmu in an yi faɗa aka zo sulhu, akwai yadda ake yi. Dangin wanda ya fi yin ɓarna su ke zuwa da akuya, babbansu ya durƙusa ya ɗauki laifin duka. Duka fa, ba a cewa amma. Ko duk gari sun ga ɗaya ɓangaren ne ya fara, sai a ce a'a, namu ne mai laifi, naku bai yi komai ba. Kowa ya san ba haka aka yi ba, kuma ba mai kiran wannan ƙarya, domin maganar ba ta ƙare ba. Wanda aka zo ba haƙuri zai miƙe, ya ɗaga tsohon daga ƙasa, ya ce a'a Baba, ni ma ga nawa, ni na fara yin kaza da kaza. Ya karɓi rabonsa da bakinsa. Daga nan dattawa su raba laifin, a yanka akuya a ci, kowa ya tafi da mutuncinsa. Wanda ya bar tsoho a durƙushe bai karɓi nasa ba, to kada ya ƙara kiran gayya a gonarsa, kada kuma ya sa ran ganin mutane ranar da aka yi masa mutuwa. Abin na aiki ne saboda masu faɗan duka a garin za su kwana, a garin za su tashi.

Da Kawu ya ji ana ta afil afil, ya tambayi ma'anarsa, aka ce kai magana gaban alƙalin da ya fi girma. Ya gyaɗa kai ya ce to ai roƙo ne, kuma ba a aika yaro roƙo. Lauya a wurinsa ɗan hayar faɗa ne. Ya ce yaron nan mai baƙar riga zai je ya yi ta nuna mutane da yatsa ya ɓata ran manya, alhali ko wanda aka zubar wa haƙora ba a je an gani ba. Na yi masa bayani iya bayani. Ya bar ni na gama, sannan ya juya ya tambayi Mama ko duk 'yan boko haka suke katse manya, ko kuwa tata ce kaɗai.

Haka muka ɗunguma bariki wata Asabar, Kawu da dattawan coci biyu a gaba, ni da Mama a baya, akuya na ta turjewa. Na bi su ne don in ga iyakar abin. Muka tarar da Kofur a ƙofar ɗakinsa da singileti yana jin rediyo. Ba ɗan yankinmu ba ne, daga wata jiha aka turo shi. Bai ba kowa kujera ba. Kawu, da furfurarsa da komai, ya cire hula ya durƙusa a gaban yaron da shi Kawu ya haifi wanda ya girme shi, ya zuba masa haƙuri, ya kwashe laifin kaf ya ɗora wa Yaya. Mama na tsaye da hannunta da ya ɗoru a karkace, tana kallon ƙasa. Da Kawu ya gama aka tsaya jiran Kofur ya karɓi nasa. Kofur ya dubi akuya, ya matsa ƙugunta ya ji tsoka, ya ce, "Ba komai Baba, ya wuce." Ya kira matarsa ta ja ta bayan ɗaki. Kawu da kansa ya dafa ƙasa ya tashi.

A hanya na tambayi Kawu ko ya lura mutumin bai karɓi komai ba sai akuya. Ya ce ya lura sarai, ni ce ban san manya ba. Ma'aikacin gwamnati ba ya faɗin laifinsa a gaban mata da maƙwabta, ajiye shi ya yi sai gaban alƙali inda zai yi amfani. Ashe har Kawu ya roƙi Kofur ya zo kotu ranar afil, shi kuma ya amsa. Me zai hana shi amsawa, an yi masa alkawarin na mota da abincin rana.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba, na je na gaya wa lauya duk abin da ake shiryawa. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce kotu ba dandalin ƙauye ba ce, ba wanda zai bar tsoho ya buɗe baki, ya zo ya zauna ya sha kallo. Na ce ya dai kira Kawu ya yi masa magana, ko zai ji daga bakin namiji. Ya dubi agogo ya ce ba shi da lokacin koya wa manoma shari'a. Ban ƙara samun ganinsa ba sai ranar kotu.

Ranar afil ɗakin kotu ya cika da masu jiran tasu ƙarar. Alƙalai biyu ne a sama, wani tsoho mai tabarau da wani mai ƙiba da ban ji muryarsa ba har aka tashi. Gandirobobi suka shigo da Yaya. Sama da shekara ke nan yana ciki. An aske masa kai ƙwal, wuyansa ya yi tsawo, wandon da matarsa ta kai masa don ranar sai da ya ɗaure shi da igiya. Ya hango mu ya ɗan yi murmushi. Matarsa ta taho masa da takalmi a leda, ta ce ba zai taka gida da silifas ɗin kurkuku ba. Kofur na zaune a bencin gaba, kayansa sun sha guga, kafaɗa da kafaɗa da Kawu.

Lauya ya miƙe, ya gyara farar hular nan tasu mai kama da soson wanka, ya fara. Zan faɗi gaskiya, ya yi magana. Da Turanci ake yi, ni kuwa ina ji. Ya ce ba wanda ya ce a doki ɗan sanda, amma a nuna masa ɗan da zai ga an kayar da uwarsa da gindin bindiga ya tsaya tunanin sashen doka. Ya karanto layi ɗayan nan da majistare ya rubuta ya wuce. Lauyan gwamnati ya tashi ya yi 'yan maganganu marasa ƙarfi, da gani ka san da safen nan ya fara buɗe fayil ɗin. Alƙali mai tabarau ya tambaya ko uwar na nan, aka ce Mama ta miƙe. Ya dubi hannunta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya yi wa na kusa da shi raɗa. Sannan ya ce shi ma uwa ce ta haife shi, kuma yana so ya san a wane aji ake koya wa 'yan sanda ture tsofaffi. Matar Yaya ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskata, ta damƙe mini hannu. Na ce mata a kunne ta shirya takalmin.

Lauya ya ga kasuwa ta buɗe masa, ya ɗaga murya, ya juya ya nuna Kofur da yatsa. Wannan nunin ne ya tayar da Kawu. Shi ko kalma ɗaya ba ya ji a cikin abin da ake faɗa. Abin da ya gani kawai, yaro mai baƙar riga na ci wa mutumin da ya karɓi akuyarmu fuska a gaban manya, zai rushe sulhun da aka ƙulla. Kafin in ankara ya cire hula, ya ratsa gaba, ya zube gwiwa biyu a gaban teburin alƙalai. Ɗan sandan kotu ya daka masa tsawa, lauya ya ce a fitar da shi. Amma mai tabarau ya ga furfura a ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce a bar shi. Ya tambaye shi da Hausa ko shi wane ne, me ke tafe da shi.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne kawu na yaro nan, ni na riƙe shi. Haƙuri na zo bayarwa, ban zo faɗa ba. Laifi duka namu ne. Ɗan sanda nan bai taɓa kowa ba, aiki nashi yake yi. Mama na yaro, ƙanwa na ne, gwiwa ne ya kayar da shi, tun dā ƙafa nashi ba lafiya. Yaro ne ya yi zafin kai. Abin da mai baƙin riga nan yana faɗi, ba mu muka aike shi da wannan ba."

Ya faɗe shi tsaf, da murya mai daɗi, yadda ya saba faɗa a gindin bishiya sau ba adadi. Sannan, yana durƙushe, ya juya ya dubi Kofur, ya jira.

Fanka na juyawa a sama tana ƙara, Kofur ya ɗaga kai ya zuba mata ido kamar shi aka aiko ya gyara ta. Kawu ya yi gyaran murya. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya ce a hankali, "Ɗana, saura kai." Kofur ya miƙe, ya ƙame, ya sara wa alƙalai, ya ce abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, shi bai taɓa kowa ba, kuma ya yafe. Ya koma ya zauna. To wane wawa ne zai ce ya ture tsohuwa da bindiga a gaban alƙalai biyu, ya rasa igiyarsa da aikinsa, don kawai ya ɗaga wani tsohon da ba garinsu ɗaya ba?

Lauya ya yi ta tsalle yana cewa tsohon nan ba shaida ba ne, ba ya wurin da aka yi abin, bai yi rantsuwa ba, bai kamata kotu ta saurare shi ba. Mai tabarau ya ce ya sani, ba sai an koya masa aikinsa ba. Amma fuskarsa ta riga ta canza, ta koma ta mutumin da ya fara zargin an so a yi wasa da hankalinsa. Ya dubi Mama. Mama ta ja gyale ta rufe hannun, ta sunkuyar da kai, ai wanta ne a ƙasa. Na yunƙura zan miƙe, ɗan sandan kotu ya nuna ni da kulki, dattawan cocin nan kuma suka riƙe mini zane ta baya. Sai alƙali ya juya wurin Yaya, ya yi masa magana da Hausa, a natse.

"Kai ne mai ƙara. Lauyanka ya ce an ture mahaifiyarka, kawunka ya ce faɗuwa ta yi. Kai kana wurin. Wanne ne?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma ya riga ya faɗe ta a gaban majistare lokacin da ba wanda ya damu. Yaya ya dubi Mama, ya dubi matarsa, sannan ya dubi Kawu, wanda har yanzu ba a ɗaga shi daga ƙasa ba, hula a hannu, gwiwoyinsa a kan siminti. Kotu cike da bare, Fulani da Jukunawa da Hausawa 'yan kasuwa, kowa ya zuba ido ya ga ko yaro zai ƙaryata wanda ya riƙe shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Kawu ba ya ƙarya."

Lauya ya zauna, ya rufe fayil ɗinsa. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Mai tabarau ya ce tunda mai ƙara da bakinsa ya janye maganar da ƙarar ta dogara a kai, babu abin da ya rage, an kori afil, shekara uku na nan daram. Ya ƙara da cewa da kotu ta so ma sai ta ƙara masa saboda ɓata mata lokaci, amma albarkacin tsohon nan ta bar shi haka. Kawu ya ji an ce albarkacin tsoho, ya kai goshi ƙasa ya yi ta godiya, har da useko irin na Fulani, ko da alƙalin nasu ne. Yaya ya so ya matsa ya ɗaga shi, gandiroba ya tare shi suka fita ta ƙofar baya. Ni kuwa ban motsa daga inda nake ba, dattawan coci ne suka kama Kawu suka tsayar.

A waje lauya ya wuce mu kamar bai taɓa ganinmu ba, ya shige motarsa. Kofur kuwa har inda muke ya zo, ya yi wa Kawu sannu da ƙoƙari, ya tsaya yana sosa ƙeya har aka tuna da abincin ranarsa. Kuma aka ba shi, wallahi aka ba shi. Kawu ya bi bayansa da kallo yana ta maimaitawa shi kaɗai, bai karɓi nasa ba, bai karɓi nasa ba, wane irin gida ya haifi wannan. A lokacin na ga tsufa ya sauko masa gaba ɗaya, har na kusa jin tausayinsa. Ban kai ga ji ba, domin kafin mu isa Yelwa ya riga ya gyara labarin. Ai kun ji da kunnenku, in ji shi, ƙara wa yaron aka so a yi, furfurarsa ce ta tare. Lahadi na zuwa aka yi addu'ar godiya a cocin ƙauye saboda hikimar da Allah ya ba dattijo. Har Kawu ya mutu haka ake ba da labarin a can, kuma har yau in na je sai an sami mai zaunar da ni ya ba ni shi, ni da aka yi abin a kan idona.

Lauya ya aiko daga baya cewa akwai wata kotun sama da wannan, a Jos, in muna so. Na ce a gaya masa mun gode. Mama kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ranar ba. In baƙo ya tambaye ta me ya sami hannunta, sai ta ce faɗuwa ta yi.

Sati na zagayowa na kai wa Yaya abinci gidan yari. Na yi niyyar in yi shiru, na kasa. Gandiroba na tsaye a kanmu yana tona tuwon da cokali wai yana neman reza, ni kuwa na sauke wa Yaya duk abin da ke cikina. Na ce an buɗe masa ƙofa, shi da hannunsa ya mayar ya rufe. Na ce ɗansa ya fara magana, maƙwabcinmu yake kira Baba. Na ce Kawu na can yana cin tuwonsa da zafi ana yi masa kirari, shi kuma yana nan ƙwarƙwata na cinsa, saboda al'adar da wanda aka yi ta dominsa ma bai san da ita ba. Na kira shi sakarai a gaban bare, shi da ya girme ni.

Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba. Ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo, bai kai baki ba.

Ya ce, "Malama, ai na ga ƙofar. Amma in na ce tsohon nan ƙarya yake, yana durƙushe saboda ni, a gaban duniya, in na fita ta ƙofar gidan wa zan je?"

Na ce gidansa mana, wurin 'ya'yansa. Ya ce su ma wata rana sai sun nemi wanda zai durƙusa dominsu.

Ya zauna har wa'adinsa ya cika. Ranar da aka sake shi, kafin ya taka gida ya ga 'ya'yansa, sai da ya sa aka kai shi tasha ya shiga motar ƙauye, ya je ya gai da Kawu. Ni ban raka shi ba.